Matar da Ke Zuba Ruwa

Zuwa ga ƙanwata Nunziya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Yaya Rosariyo da yara? Zaitun ya yi 'ya'ya bana? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban zauna a aji ba.

Ni lafiya lau nake a Toronto, gidan 'yata Agata. Abinci har ya yi yawa. Abokan karta ne babu. Katunan nan masu hotunan mutane da muke bugawa a dandalin garinmu Mineyo suna cikin akwati, sai Agata ta ciro su. Ta ce, "Baba, kullum da safe ka zari ɗaya, ka yi shiru, ka duba zuciyarka."

Na ce, "Ke! Ni da nake cinye maza da su tun ba a haife ki ba?"

Amma ina yi. Na ba kowane kati mutum guda daga mamatanmu. Katin tsohon nan mai gemu Gaspare maƙeri ne, na wawan kuwa kawunmu. In na zara, sai in tuno mutumin, gidansa, danginsa. Kin san garinmu kaf ni ake tambayar asali.

Ranar Talata katin matar da ke zuba ruwa daga tulu zuwa tulu ya fito. Matata ce, na sani. Ina jin muryarta tana kirana. Na zauna har kofina ya huce, sunanta bai zo ba.

Gajiya ce kawai. Kada ki gaya wa Agata. Ki rubuto mini sunan da manyan baƙaƙe.

Allah ya bar mu tare.

Yayanki,
Kalojero