Kujerar Bayan Labule

Litinin, 3 ga Maris
Shugaban makaranta ya kawo sabuwar dokar gasar wasan kwaikwayo ta ƙasa: malami ba zai ƙara zama bayan labule ba, sai cikin 'yan kallo. To wa zai raɗa wa yara magana in sun manta? Da muka fara gasar nan makarantu ƙalilan ne, a ɗakin cin abinci, labulenmu zannuwan gado. Yanzu ta game ƙasa, har da talabijin, shi ne za a kore mu. Raina ya ɓaci.

Alhamis, 6 ga Maris
A gwajin yau ɗalibata Mai-Murya, wadda ke fitowa a alƙaliya, ta sake kakarewa wajen yanke hukunci. Na raɗa mata. Ta ce, “Malam, ka bari in lalubo da kaina.” Na ce babu lokaci. Shekararta ta ƙarshe ke nan, tun tana aji ɗaya take mafarkin kofin.
Matata kuma wai, “Malam, kai ke wasan ko su?” Ita dai ba ta rasa abin faɗa.

Asabar, 15 ga Maris
Mun faɗi.

Lahadi, 16 ga Maris
Jiya komai na tafiya sumul har wajen hukuncin. Sai Mai-Murya ta tsaya. Ta waiwaya hagu, inda kujerata ta saba zama. Ba kowa sai mai kula da fitilu. Jimlar tana bakina, ina ta motsa leɓe daga tsakiyar zaure kamar zautacce. Wani ya yi dariya. Ta ce, “An ɗage shari'a,” ta fita.
A mota ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, “Na san ta fa, Malam. Kunnena ne ya saba jira.”
Ina baƙin ciki ƙwarai.

Laraba, 26 ga Maris
Gwaji da sababbin yara. Na mayar da kujerar can bayan zaure, an fi samun iska a nan. Wata ta kakare. Na dai cije, ban raɗa mata ba. Ta lalubo, ba yadda na rubuta ba, amma ba laifi.
Mai-Murya ta zo wucewa ta taga. Ta dubi labule, ta dubi inda nake zaune. Ba ta shigo ba.