Gurasa a Ajin Lissafi

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Makoda lafiya lau, an fara yankan gero, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Wayar da ka aiko ta yi rana. Na shiga kwas ɗin malaman lissafi ta intanet, ko da yake sai a bakin rumbu nake samun sabis. A wani bidiyo aka ce a koyar da rabi da kwata da abin da yara suka sani, sai na kai gurasa aji. Na ce ɗalibata Habiba ta raba mana huɗu daidai, ni da ita da wasu biyu. Ta gutsuro mini kusan rabi. Na ce ba haka ba, ta ce, "Malama, ai ke ce babba." Duk ajin suka goyi bayanta.

Washegari na cire kaina, na bar wa sa'anni huɗu. Rabo ya fito daidai, kwata ta zauna musu.

Ka sa ni a addu'a, jarrabawar kwas na tafe. A gaida kowa. Inna na gaishe ka, ta kuma ce Habiba ce ta yi daidai.

Ƙanwarka,
Hadiza