Ƙafar Keken Armaya'u

Yasore, Lahadi

Yaya Maude,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya mutanen Safana? Tun da aka katse layin waya sai takarda, ka yi haƙuri da rubutuna.

Ciwon sukarin Inna ya tashi. Allurarta ba ta jure zafi, sai na je Batsari na karɓo kaɗan-kaɗan. Babur ba mai, kekena kuma ya mutu: ina taka feda, ƙafar baya ba ta juyawa. Giyarsa a rufe take cikin tsakiyar ƙafar, masu gyara biyu sun duba sun girgiza kai. Ga ta nan na ba direban motar kasuwa. Kai ne gwanin keke, don Allah ka taimaka. Allurar kwana uku ta rage, tsoro nake ji.

Ƙanenka,
Armaya'u

Safana, Talata

Armaya'u,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, ka gaida Inna da jiki.

Sai da na ce kada ka musanya keken Baba da wannan ɗan gwanjo, ka ce ya fi sheƙi. To ga sheƙi nan. Waɗanda suka ƙera na Baba sun san talaka zai hau, suka bar ramin zuba mai, sifana ɗaya ta ishe ka kwance shi a gindin bishiya. Masu naka kuwa a ƙasarsu ba a gyara, jefarwa ake a sayi sabo. Sun matse giyar da inji, ba ta da baki balle ƙofa.

Na sa kurfi da guduma na fasa ta. Haƙoran ciki sun zube kamar tsakin masara, kuma ko a Katsina ba mai sayar da irinsu. Zan kai wa mai walda ya liƙe ta ta zama giya ɗaya, in an kawo wuta. Zai yi nauyi a hawa, amma zai kai ka.

Faɗan nan na damuwa ne, uwata ce ni ma. Ka roƙi keken maƙwabcinka Jafaru kafin nan.

Yayanka,
Maude

Yasore, Asabar

Yaya,

Salam. Jafaru ya yi ƙaura da kekensa tun watan jiya. Ranar Laraba na tafi Batsari a ƙasa, na tarar mai ba da allurar ya tashi, aka ce sai Asabar.

Ƙafar ta iso jiya Juma'a da hantsi. Na ɗaura, aikinka ya yi kyau, keken ko ƙara ba ya yi. Da shi na je na sayo likkafani.

Inna ta tambaye ka sau biyu kafin ta cika. Ka taho.

Armaya'u