Kyanwarka da Tiyon Fenna

Wouter,

Na tafi da Fenna asibiti. Ta tashi da ciwon ciki, ruwan wankin ƙodar da ya fito daga cikinta kuma kamar an ɗiga madara. Da na matsa mata sai ta ce, "Baba ya ce kar in faɗa." Ashe shekaranjiya kyanwarka ta ciji tiyon injin wankin ƙodarta, ka naɗe da salatif ka yi gum. Sau nawa nas ta ce in tiyon ya huje a kira asibiti nan take? 'Yar shekara shida ka sa ta ɓoye laifinka!

Ka kai kyanwar nan gidan babarka yau.

Fenna ta tambaye ka a bakin ƙofa. Na ce kana barci.

Annelies