Uwar Kwaɓin Helvi a Cikin Jirgi

Rauma, watan Agusta

Zuwa ga 'yata Marjut,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Natangwe da duk mutanen gidansu a Oshakati. Ina roƙon Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya sauke ki lafiya, ya ba mu jika mai kuka da ƙarfi irin na danginmu. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta sarara tun da sanyi ya tafi. Ɗana Jouko ya gama gyaran rufin ɗakin wankan tururi, matarsa Sirkka kuma ta cika mana gida da 'ya'yan itacen daji har mun rasa wurin ajiya.

A takardarki kin yi mamakin yadda na shawo kan mamarki ta shiga jirgin ruwa na yawo, ita da ba ta son taro. Na gane abin da ke ranki, don kusan kowa haka yake zato: da an ce jirgin yawon shaƙatawa, sai mutum ya hango wani gari guda a kan ruwa, bene a kan bene, da dubban mutane suna layin abinci. Namu ba haka yake ba. Ƙarami ne, duk fasinjojinsa ba su kai ɗaliban makarantar da na koyar ba. Kafin mu bar Turku da nisa na san sunan mai dafa abinci, shi ma ya san ba na shan madara a kofi. Kuma saboda ƙanƙantarsa yana kutsawa har tsakiyar gari, ya ɗaure a inda jiragen kakanninmu suke ɗaurewa.

Kin san dalilin tafiyar, amma bari in faɗa miki yadda yake. Kina son mamarki ta zo ta zauna da ke lokacin haihuwa, ita kuma Yaya Helvi ta kafe ba inda za ta. Hujjarta guda ce: uwar kwaɓi, wato ɗan kwaɓin nan mai tsami da ake ragewa don ya tayar da baƙin burodin mako mai zuwa. Ta gaje ta daga kakarki, kullum cikin ciyar da ita take da gari da ruwa, kuma ta ce ran da ta yi nisa da gida uwar kwaɓin za ta mutu, burodin gidanmu ya ƙare a hannunta. Na ce to mu gwada 'yar gajeruwar tafiya a tekunmu, ta taho da ita. Ta harare ni ta ce wai ni har yanzu ban daina ɗaukar kowa ɗan aji uku ba. Amma ta zo, da kwalbar a naɗe cikin tawul, rungume a ƙirji.

A bakin matakalar jirgin akwai wani allo da aka rataya wa kowane fasinja ɗan katako mai sunansa, fuska ɗaya shuɗiya, ɗaya ja. In za ka sauka gari sai ka juya ja, in ka dawo ka mayar shuɗi, kuma jirgi ba ya tashi sai allon ya zama shuɗi gaba ɗaya. Katakona ya sha juyi har igiyarsa ta fara sulɓi. Na mamarki kuwa ko motsi bai yi ba. Da safiyar da muka shiga Tallinn na ja ta zuwa saman jirgi, na nuna mata yadda hasumiyoyin suke fitowa daga ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na gaya mata abin da nake gaya wa ɗalibaina: garuruwan nan teku suka ba fuska, mai zuwa a mota ko jirgin sama ta ƙofar baya yake shigowa, mai zuwa ta ruwa shi ne baƙon da ya shigo ta ƙofar gaba. Ta ce madalla, Malam ya gama darasi, ita za ta je ta duba kwalbarta. Haka na sauka ni kaɗai, raina ba daɗi, ina tunanin me zan rubuta miki.

Mai dafa abincin sunansa Gunars, mutumin Latvia ne, ƙato, mai bakin tsiya. Shi ya ba kwalbar wuri a kantar kicin, yana kiranta fasinjar da ba ta biya kuɗin jirgi ba. Rigimarsu ta fara ne a teburin cin abinci, da mamarki ta gutsuri burodinsa ta ce wannan ai kek ne, wa ya ce masa ana sa zaƙi a baƙin burodi. Shi kuma ya ce Hajiya babba ta yi haƙuri, ya taɓa cin na Finland, kuma har yanzu yana biyan likitan haƙori. Kowa ya kwashe da dariya, har da wata tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya daga Lubeck mai suna Wiebke, wadda take zama kusa da mu. Washegari Yaya ta ɗaura gyale, ta kore shi daga kicin ɗinsa, ta yi kwaɓi da uwar kwaɓinta. Marjut, ƙamshin ya cika jirgin har ɗakin kyaftin. Ba a bar ko ɓurɓushi ba. Wiebke ta roƙe ta cokali ɗaya na uwar kwaɓin ta tafi da shi gida, Yaya ta ce ta yi haƙuri, abin gida ne, bai taɓa fita ba.

Mun tsaya a Riga, inda na kusa ɓata cikin babbar kasuwarsu ina bin ƙamshin kifi mai hayaƙi. Daga nan Visby, da ganuwarta da furanni a jikin kowane bango. Na sayo mata zaren ulu, na kawo mata labari, ta saurara tana saƙa, amma katakonta yana nan shuɗi.

Bayan mun bar Visby da rana sai iska ta taso. Ba wani abin tsoro ba ne, amma ƙaramin jirgi yana jin teku a jikinsa. Wata igiyar ruwa ta buge mu ta gefe, muka ji ƙara daga kicin. Kafin mu isa, kwalbar ta faɗo ta tarwatse, kwaɓin ya gauraye da gilashi da ruwan wanke-wanke. Mamarki ta tsaya a ƙofa tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ta ce a hankali dama ta faɗa, sannan ta zauna a kan buhun dankali. Na ga na jawo mata asarar abin da ta fi riƙewa na kakarki, kuma na ga zuwanta wurinki ya rushe.

Sai Gunars ya fara sosa ƙeya. Ya ce yana da wata magana, amma sai Hajiya babba ta yi alkawarin ba za ta jefa shi a teku ba. Ya buɗe firij ya ciro wata roba. Ashe ranar da ta yi burodi, ta bar ɗan kwaɓi a gindin kwano kamar yadda hannunta ya saba, shi kuma a cewarsa ba a haifi mai gashin burodin da zai wanke irin wannan kwano ba. Ya kwashe, yana ta ciyar da shi a ɓoye. Mamarki ta buɗe ta shinshina, ta ɗanɗana da yatsa, ta ce ita ce. Sai ya ƙara matsawa baya ya ce da saura: ƙanwarsa ta zo gaishe shi a bakin ruwa a Riga, ya ɗiba mata, kuma ta aiko masa cewa uwar kwaɓin ta tashi har ta ture murfi. Wiebke ma, da take tsaye a bayana, ta ce gara ta faɗa da bakinta, akwai wata 'yar kwalba a ɗakinta cikin safa. Yaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da Gunars ɓarawo, ɗan ɓarayi, ta ce da Wiebke ita kuma mai sayen kayan sata. Tana faɗa tana riƙe da hannunsa da hannu biyu, hawaye na zuba.

Da muka wayi gari a Gdansk na ƙwanƙwasa ɗakinta ban ji motsi ba, na ce barci take, na sauka. Na yini ina kallon tsohon injin ɗaga kaya na katako da dogayen gidajen bakin kogi. Da na dawo na juya katakona, sai na ga biyu sun rage ja a allon, na Wiebke da na Helvi. Na ɗauka kuskure ne, har na kai hannu zan gyara, ma'aikacin jirgin da ke gadin matakala ya ce in bari, tun da safe suka fita. Lokacin tashi ya yi, jirgi ya busa ƙaho, fasinjoji duk sun jeru a saman jirgi suna leƙe. Can sai ga su sun ɓullo daga wani lungu, ba sa ko sauri, mamarki da buhun gari a kafaɗa kamar 'yar dako. Aka yi ta tafi. Ta juya katakonta da kanta, ta ce in rufe baki kada ƙuda ya shiga.

Da yamma ta nuna mini abin da ta sayo ban da garin: 'yar roba mai murfin murɗawa, wadda ba ta fashewa. Ta ce ta tambayi mai kanti da hannu da ido ko za ta jure jirgin sama. Sannan ta ce abin da nake so ki ji: wai kwaɓin mamarmu ya sauka a Riga, gobe zai sauka a Lubeck, ita kaɗai ce a gidan ba ta je ko'ina ba, to ba za ta bari kwaɓi ya fi ta zuciya ba. A Lubeck kuwa, da jirgi ya bi kogi ya shiga har gindin tsohon gari, ita ta fara sauka. Wiebke ta kai mu gidanta, Yaya ta duba inda za a ajiye kwalbar, ta ce wurin ya cika sanyi, aka sauya.

Saboda haka ki gyara mata ɗaki. Jouko ya kai ta an yi mata hoton fasfo, kuma zai riƙe rabin kwaɓin a nan. Ta ce ki tambaya ko ana barin shiga da irinsa ƙasarku. In ba a bari, za ta zo hannu sake, tunda yanzu ta san ba a wuri ɗaya yake raye ba. Ke kuma, in yaron ya yi ƙwari, ki zo da shi da Natangwe ku shiga irin jirgin nan ko sau ɗaya. Kin ga Tallinn daga tashar mota, amma ba ki gan ta tana tasowa daga ruwa ba. Ki gwada, ni zan riƙe jariri a saman jirgi, in yi masa darasin da kakarsa ta ƙi saurara.

Ki gaishe mini da Natangwe da mahaifiyarsa Ndapewa, ki yi mata godiyar kwandon da ta aiko. Jouko da Sirkka suna gaishe ki, haka ma Goggo Tyyne, wadda ta riga ta saƙa safa uku don ba ta yarda ƙasarku akwai zafi ba. Mamarki ta ce ba ta da saƙo, wai za ta faɗa miki da bakinta.

Ni ne kawunki mai ƙaunarki,
Veikko