Ranar da Tsohon Laburare Ya Sake Ni

Rabin raina, sanyin idaniyata, inuwata a tsakar rana, Injiniyata mai gilashi a goshi,

Albishirinki! Zauna tukuna, kada ki yi tsalle da cikin wata takwas.

Wata huɗu ke nan da aka yi miki canjin wurin aiki, kika bar ni ina gardama da bango. Kin san abin da ya ɗaure ni: tsohon laburaren manhajar nan, wato tarin umarnin kwamfuta da ke tafiyar da injinan awon kwastomominmu, wanda aka rubuta tun ina firamare. Oga ya rantse ba zai sake ni in biyo ki ba sai na sa ya haɗu da tsohuwar sigar yaren kwamfuta na C da sabuwar, duka biyun. In na haɗa shi da tsohuwa, sabbin kwamfutoci su ƙi shi. In na haɗa shi da sabuwa, ya tsaya kiran ayyukan da aka cire shekara goma da suka wuce. Taurin kai sai ka ce Kawunki da rediyonsa!

Ni kuwa ga tsoro: kada haihuwa ta zo ina nan ina kallon jan rubutun kuskure a allo. Wace irin kewa ce wannan, da take bin mutum har cikin kofin shayi? Wa zai ɗaura miki takalmi yanzu da ba kya iya sunkuyawa?

Na rubuta wa laburaren 'yar gada mai amsa sunayen tsofaffin ayyukan. Ya haɗu, ya tashi, bayan minti uku ya faɗi. Sati biyu muna haka. Yau da hantsi sai na tuna ranar da na fara ganin ki, kin tsaya bayan kujerata, kina nuna allona da cokalin shayi. Kika ce na ari gurbin ajiya na ƙwaƙwalwar kwamfuta a hannun wata siga, na mayar wa wata, abin da aka ara a gida ɗaya kuwa can ake mayar da shi. Ranar ban ji rabin bayanin ba, idanunki nake kallo, masu haske kamar rafi da safe.

Wallahi kuskuren ke nan, shi ɗin dai, bayan shekara shida! Na gyara layi huɗu. Ya haɗu da tsohuwa, ya haɗu da sabuwa, awa biyar yana aiki ko tari bai yi ba. Na yi ihun da ya sa mai shara ta yar da tsintsiya. Oga ya gwada da kansa sau uku, yana ta neman aibu, sannan ya sa hannu a takardar sallamata yana ƙunƙuni.

Ina son ki, ruwan saman farkon daminata, son da ba ya tsufa balle a nemi sabonsa. Asabar da motar farko nake tafe. Ki dafa cikin nan, ki ce wa mai shurin ya ƙara haƙurin kwana uku, Babansa ya ɗaure jaka.

Naki jiya, naki yau, naki har numfashin ƙarshe,
Mijinki