Ƙotar Bindigar da Na Ce Na Ƙona

Zuwa ga maigidana kuma kafilina da ya tsaya mini a ƙasar nan, Alhaji Abu Faisal, unguwar Nasim, Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da sauran iyali, ni ne Lawali kafinta, wanda ya shekara tara yana maka aikin katako a gida da istiraha, wato gidan hutunka na bayan gari. Na rubuto da Hausa don na san kana ji. Ita kakanka ya taho da ita a ƙafa daga ƙasar Katsina, kuma da ita kake tsokanata idan ka gan ni ina dunƙula shinkafar kabsa kamar tuwo. Na buɗe wasiƙar ga mutanenmu na unguwannin Utaiƙa da Ulaisha ne saboda sau huɗu ina zuwa ƙofarka kan wannan magana, sau huɗu mai gadi yana ce mini kana hutawa.

Maganar ta Malam Mahamadu ce, mutumin Tasawa, direbanka na shekara goma sha ɗaya, wanda muke ɗaki ɗaya da shi. Tun watan Sha'aban yake tsare, ga shi yau muna cikin Safar. An kama shi da bindiga a bayan motarka, kuma ni da kai mun san bai taɓa ganin ta da idonsa ba. Zan faɗi yadda abin ya faru, in fara da laifina, don shi ne ya fi hana ni sakewa.

Na ɗaya. Bindigar taka ce. Ta farauta ce, ka shigo da ita daga wata tafiya tun kafin in zo ƙasar nan, kuma da bakinka ka gaya mini ba ka taɓa kammala takardunta ba. A shekarata ta biyu ka ba ni ita na gyara mata ƙota, wato katakon da ake dafawa a kafaɗa, ka ce in sassaƙa sunanka a jiki. Na sassaƙa da haruffan Larabci, na bi shi da mai har ya yi sheƙi. Ranar ka yaba mini a gaban baƙi, kaina kuwa ya kumbura, har na ɓaro labarin cewa mahaifina shi ke yi wa mafarautan garinmu ƙotar bindigar toka, ni ma a gindinsa na koya. Da na kama bakina a ranar, da Malam Mahamadu yana gida yanzu yana dafa shayinsa.

Na biyu. Ɗanka Faisal ya riƙe wannan labari. A watan Rajab ya same ni a shagon aikina na istiraha da bindigar da wani kwali, ya nuna mini hotuna a waya. Wai irinta asali ta sojoji ce, aka sauya mata kama don a sayar wa mafarauta, shi kuma so yake ta koma yadda take tun farko ya nuna wa abokansa. Faisal ba yaro ba ne, yana da mata da ɗa, ni ma kuma ba yaro ba ne. Na so in ce tsoro ne ya sa na karɓa, tunda iƙamata, wato takardar izinin zamana, a hannunku take, amma ƙarya zan yi. Bai yi mini barazana ba. Cewa kawai ya yi ya tambayi wani kafinta ɗan wata ƙasa ya kasa, shi ya sa ya tuna da ɗan mai ƙota. Wannan kalma ita ta kayar da ni. Kwana uku na yi a kanta, na cire ƙotar mai sunanka, na haɗa mata abin da ya kawo. Ba zan bayyana yadda na yi ba, kada wani mai ƙaiƙayin hannu irina ya karanta ya gwada.

Da na gama na ɗaga ta, sai na ga abin da ta koma. Alhaji, ni mutumin Zamfara ne. Irin wannan siffa ce ƙanena yake kwatanta mini a waya idan yana ba ni labarin mutanen da ke fitowa daga daji su kore shanun ƙauye. Ga shi ni da hannuna na fito da ita, har ina goge ta da tsumma. Duk da haka ban warware aikin ba. Na ji kunyar a ce na fasa.

Na uku, kuma nan ne ba na iya haɗa ido da kowa. Faisal ya bugo ya ce in aika masa ita gida Nasim. Na san akwai shingen bincike a hanyar, na kuma san ba zan iya riƙe fuskata ba idan ɗan sanda ya leƙo. Sai na naɗe ta a tsohon bargo, na haɗa da sandunan tanti guda huɗu, na ɗaure da igiya, na miƙa wa Malam Mahamadu na ce saƙon Faisal ne. Na zaɓe shi ne don na san halinsa. Kai ma ka san yadda muke a nan: idan aka ba ka saƙo, ba ka buɗewa, ba ka tambaya. Da haka muke aika magani da tufafi da dabino gida a hannun duk mai tafiya, kuma duk Utaiƙa babu wanda ya kai shi riƙon wannan. Ya taɓa kai wa wani ƙulli har Maraɗi, ya iske mai shi ya rasu, ya dawo da shi Riyad da ɗaurinsa yadda aka ba shi. Muna yi masa dariya muna ce masa gidan waya. Wannan amanar tasa na duba na ga za ta yi mini amfani. Ya karɓa ya ce bismillah, har ya tambaye ni ko ya taho mana da burodi idan zai dawo.

Bai kai Nasim ba. Da la'asar aka tsayar da shi, aka kwance bargon.

Na huɗu. Nan kuma kukana da kai ne, ranka ya daɗe. Da aka kira ka, cewa ka yi ba ka san bindigar ba, kuma direban yakan ɗauki kayan mutane a motarka ba da saninka ba. Babu takarda da sunanka, ƙotar da ke da sunanka kuwa ni na cire ta, don haka babu abin da ya haɗa ta da gidanka. Washegari ka kira ni falo, ka sa aka kawo mini gahawa a ƙaramin kofi, abin da ba a taɓa yi mini ba a shekara tara. Ka ce in ƙona tsohuwar ƙotar, in kuma yi haƙuri, kana da mutane, cikin mako biyu zai fito. Na ce to. Bayan kwana biyu ka tambaye ni, na ce na ƙona. A cikin satin Faisal ya tafi ƙasar waje, aka ce karatu. An yi azumi, an yi ƙaramar Sallah, an yi babba, alhazai sun zo sun koma, mako biyun nan bai cika ba. Mutumin da ya kai 'ya'yanka makaranta tun suna ƙanana, wanda ya yi jinyar mahaifiyarka a asibiti kamar uwarsa, ko lauya ba ka ɗaukar masa ba.

Sau ɗaya aka bar ni na gan shi. Ya rame, ciwon sukarinsa ya taso, ƙafarsa ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Na tafi da shirin ya zage ni in samu sauƙi, bai zage ni ba. Ya gaya mini sun yi ta tambayarsa wa ya ba shi ƙullin, shi kuma ya ce saƙon gida ne, bai ƙara ko harafi ba. A zatonsa ni ma ba ni aka yi ban buɗe ba, yana tsoron kada ya jefa ni cikin abin da ban sani ba. Har haƙuri ya ba ni, wai ya bar ni da share ɗaki ni kaɗai. Na tsaya a gabansa da amsar a bakina, na haɗiye ta, na ce masa Allah ya kawo mafita.

Matarsa Hadiza takan bugo wayata duk Juma'a. Da farko na ce mata an tura shi aiki cikin sahara inda waya ba ta kamawa. Da wannan ta tsufa na ce wayarsa ce ta lalace. Juma'ar da ta wuce ba ta tambaye ni komai ba, cewa kawai ta yi idan ya mutu ne in gaya mata don ta fara takaba. Butarsa tana nan inda ya ajiye ta, kullum sai na tsallake ta zan fita alwala. Na daina zama majalisar 'yan gari bayan sallar Juma'a, don duk lokacin da aka ɗaga hannu ana roƙon Allah ya tona asirin wanda ya cuce shi, dole ni ma in ce amin.

Na biyar. Alhaji, ban ƙona ƙotar ba. Ba don jarumta na ajiye ta ba, aikin ne ya yi mini kyau na kasa sa masa wuta. Son yabon da ya jefa ni cikin wannan shi ne ya hana ni ƙona ta. Tana ƙarƙashin katifata wata shida, da sunanka a jiki, kuma duk wanda ya ɗora ta a kan bindigar nan zai ga wurin zamanta ne, don ni na auna.

Ga abin da nake roƙo. Ka je da ƙafarka ka faɗa wa hukuma bindigar taka ce, ni na sauya ta bisa buƙatar ɗanka, direban kuma bai san abin da ke cikin bargon ba. Ka ɗaukar masa lauya, ka sa a kai shi likita ya duba ƙafar. Ka kuma kira Hadiza da kanka, da Hausar nan taka, ka gaya mata mijinta yana raye. Ban roƙi komai don kaina ba. Na san abin da ke jirana: ɗauri, sannan a sa ni a jirgi a hana ni dawowa, ga 'ya'ya biyar a gida da ke ci daga hannuna. Na yi wannan tunani har na gaji, kullum amsar ɗaya ce, shi ma yana da shida.

Ranar Lahadi da safe, in Allah ya kai mu, zan tafi ofishin 'yan sandan da aka fara kai shi. Na fi so in same ka a can, ka riga ni yin magana, don na ci abincinka shekara tara kuma ban manta ba. Idan ban same ka ba zan shiga ni kaɗai.

Ku kuma 'yan'uwa da za ku karanta wannan, ku daina zargin juna, ni ne. Wanda ya samu ganin Malam Mahamadu kafin ni kada ya gaya masa, ku bar ni in faɗa masa da bakina.

Allah ya ƙara maka lafiya, Alhaji, ya shiryi Faisal, ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni na rasa wata shida. Allah ya yafe mana, ni da kai. Ƙotar na riga na fito da ita. Ban naɗe ta a komai ba, kuma wannan karon ba zan ba kowa saƙo ba, a hannuna zan kai ta.

Wassalam.

Naka mai laifi,
Lawali kafinta, Utaiƙa.